Na Shafa wa Bango Fenti Kafin Injiniyan Kotu Ya Zo

Pani Ludwika, don Allah ki taimake ni. Na yi ɓarna da hannuna, kuma har yau daga ni sai mijina muka sani.

Ni dai ba mai ƙorafi ba ce. Shekara arba'in da ɗaya ke nan muna zaune a gidan haya na ƙaramar hukuma, wani tsohon bene na jan bulo da aka gina wa ma'aikatan masaƙa tun ba a haifi uwata ba. Mu ne a hawa na uku, can ƙarƙashin rufi. Ɗaki biyu da kicin, rana tana shigo mana tun da safe, tagar kicin tana kallon bishiyoyin tsakar gida. A nan na goyi 'ya'yana biyu, daga nan na yi ta zuwa masaƙa har na yi ritaya. Ko kyauta aka ba ni gida a sababbin benayen bayan gari ba na so. Matattakala kam tana ba gwiwata wuya, amma mijina Wieslaw ya ce ita ce ta hana mu zama tsofaffin kwance.

Matsalarmu ɗaya ce, rufi. Shekara tara yana yoyo. Da zarar dusar ƙanƙara ta fara narkewa, bokiti uku nake jerawa a ɗakin kwana, kusurwar da ke saman gadonmu kuwa ta yi baƙi ƙirin da fumfuna. Wieslaw tari yake yi duk hunturu. Mun rubuta wa ofishin gidaje ya fi a ƙirga. Su buga hatimi a kwafinmu, su turo mutum ya leƙa, ya ce an sa mu a layi. Layin nan dai har yau bai iso kanmu ba.

Maƙwabcinmu na hawa na biyu, Pan (wato Malam) Zdzislaw, tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutumin da ko tikitin bas ba ya yarwa. Shi ya tara mu gida shida, ya samo lauya, muka kai ƙaramar hukuma ƙara a kan ta sake rufin. Ya ce mini, Pani (wato uwargida), ɗakinki ne shaidarmu, duk wanda ya ga kusurwar nan magana ta ƙare. Kotu ta naɗa injiniya ya zo ya duba, aka aiko mana da rana: Talatar makon Ista.

Makon Ista fa! Ke ma kin san yadda muke. Makon wanke tagogi, a sauke labule, a kakkaɓe darduma a tsakar gida, kowace mace tana satar kallon tagar 'yar'uwarta. Ni kuma dama duk shekara kafin Ista nakan kankare kusurwar nan in shafa mata fenti. Yanzu sai in bar baƙo, namiji mai ilimi, ya shigo har ɗakin kwanana ya ga baƙin bango? Ai da uwata ta taso daga kabari ta ja mini kunne. Allah ya sani, kotu ko zuwa raina ba ta yi ba. Na kankare, na shafa fenti sau biyu, na sauke bokitan zuwa ɗakin ajiya, na sa Wieslaw ya turo kabad ɗin kaya ya rufe inda ya fi muni. Yana turawa yana cewa, tsohuwa, anya kuwa? Na ce ya tura kawai ya yi mini shiru.

Injiniyan ya zo, mutum mai ladabi, har takalmi ya nemi cirewa. Na ba shi shayi da kek ɗin cuku. Ya zaga, ya ɗaga kai, ya ɗauki hotuna, ya tambaye ni ko akwai abin da ke damunmu. Wannan bakin nawa da ya saba amsa gaisuwa sai ya ce, lafiya lau, mun gode Allah. Ya so ya hau saman silinmu ya ga ƙarƙashin rufin, aka nemi mabuɗin wurin aka rasa, ya tafi.

Watan jiya rahoto ya fito. Gida mai lamba shida, wato namu: tsaf, babu alamar danshi. Lauyan ƙaramar hukuma ya riƙe wannan ya rubuto cewa indararo kawai za su gyara, mu janye ƙara, suna son amsa nan da mako uku. Maƙwabta huɗu sun gaji, suna so su sa hannu a huta. Pan Zdzislaw kuwa ya rantse sayen injiniyan aka yi, ya zauna ya rubuta takardar ƙorafi a kansa. Jiya ya kawo mini in sa hannu, na ce ban ga tabarauna ba. Injiniyan nan, bawan Allah, bai ci komai ba sai kek ɗina.

Garin neman gira na rasa ido, Pani Ludwika. In na faɗi gaskiya, ina tsoron kotu ta ce na yaudare ta, ko ofishin gidaje ya ce na taɓa bango ba izini. Kuma da wane ido zan kalli Pan Zdzislaw, wanda ya shekara biyu yana yawo da jakar takardu saboda ɗakina? In na yi shiru kuwa an rufe magana ke nan, hunturu ya same mu da bokitanmu, Wieslaw da tarinsa. Shi ya ce duk abin da na yanke ya yi masa, ya koma kan jaridarsa. Yaya zan yi?

Mai Hawa na Uku

*

Pani,

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, don rabin matan da ke karanta wannan shafin da haka za su yi, har da ni. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma wannan Talatar ranar wanka ce.

Mu fara da yi wa ƙaramar hukuma adalci. Shekara tara tana jan ƙafa, wannan laifinta ne. Sai dai in ƙara ta isa teburin lauyanta, shi bai taɓa shiga ɗakinki ba, takarda yake karantawa. Yana da tsofaffin benaye da yawa masu jiran rufi, kuma wanda shaidarsa ta fi ƙarfi shi ake fara dubawa. An ba shi rahoto ya ce gidanki a bushe yake, ya yi abin da rahoton ya ba shi dama. Rahoton kuwa ke kika rubuta shi da buroshi.

Tsoron da kike ji bai kai yadda kike zato ba. Mai yaudarar kotu ƙara ɓarna yake yi don ya samu, ke ɓoye taki kika yi kika cuci kanki. Shafa fenti a ɗakin da kike haya kuwa gyara ne na yau da kullum, amma ki kai wa lauyanku takardar hayarki ya duba ya tabbatar miki.

Gobe da safe ki sauka ki ƙwanƙwasa ƙofar Pan Zdzislaw kafin takardar nan ta bar hannunsa. Zargin mutumin da bai yi laifi ba zalunci ne, kuma zai iya ɓata muku ƙarar gaba ɗaya. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi, ya cancanci hakan. Daga nan ku wuce wurin lauya tare. Ki faɗi abin da kika yi a rubuce: ranar da kika yi fentin, inda kabad yake a da, da inda bokitan suka kwana. Ku sa lauyan ya nemi a sake dubawa, a auna danshin bangon, a kuma hau ƙarƙashin rufin, tunda rahoton farko bai kai can ba. Mabuɗin ku nemo shi tun yanzu. Ku roƙi maƙwabtan nan huɗu kada kowa ya sa hannu a kan tayin indararo sai an ji amsa. Ba na yi miki alkawarin za a yarda a dawo, amma in kika yi shiru ba wanda zai ko tambaya.

Saura mai wuyar. Daga yau ki janye kabad, kuma kada buroshi ko tsumma ya sake taɓa kusurwar nan. In fumfuna ta fito ki bar ta ta fito, ko wane baƙo ne zai shigo. Na san wannan ya fi miki tsayawa gaban alƙali ciwo.

Kin ce mijinki ya bar miki zaɓi. Mutumin da ya shekara tara yana kwana ƙarƙashin wannan bangon ne ya faɗi haka, don kada ya ƙara miki nauyi. Ke za ki ji kunyar wata ɗaya, shi kuwa da ƙirjinsa yake ɗauka. Ki yanke dominsa.

Allah ya ba shi lafiya, ya sa hunturun bana ya same ku a ƙarƙashin sabon rufi.

Ludwika