Kwanon da Ban Buɗe Ba

Zuwa ga Kikue tawa, sanyin idona, garwashin ɗakina a tsakiyar hunturu, ruwan da na sha na daina neman wani.

Daga birnin Nara nake rubuto miki, ina zaune a bakin tagar masauki. Ki yi haƙuri da baƙaƙen, kin san da furfura na koye su.

Jikanmu, Kikue! Jikan da muka jira har muka daina ambatonsa a gaban 'yarmu Nobue don kada ta yi kuka! Yau aka yi masa bikin cin farko, wanda ake taɓa wa jariri abinci a baki, kuma ni na ɗora shi, Itsuki namu, a cinyata. Na dangwali jar shinkafa da tsinken cin abinci na kai bakinsa, na dangwali kifi, na taɓa ɗan dutsen da ake ajiyewa don bikin na shafa masa a dasashi don haƙora su fito da ƙarfi. Ja'irin ya kama tsinken ya ƙi saki! Goshinki ne da shi, har da ɗaure fuskar nan taki. Na yi dariya har hawaye ya zubo, na juya gefen hagu in ce miki duba. Matashin zama kawai na gani, babu kowa a kansa.

Me ake yi da farin cikin da ba a sami wanda za a miƙa wa rabinsa ba? Nauyi yake zama, yana danne ƙirji.

Furannin bishiyoyin sakura sun buɗe, garin ya yi fari kamar an shanya auduga. Bareyin garin suna nan da rashin kunyarsu, ɗaya ta cusa baki a aljihuna. Baƙi sai ɗaukar hoto suke yi. Ni kuwa ina tafe ina ganin ki a gadon asibitin Osaka, kin juya wa bango fuska, kunun da aka kawo miki ya huce. Tun da aka yi miki aikin ciki kin rufe baki ga abinci. Likita ya ce in ba ki ci ba jikin ba zai tashi ba, kuma kin ƙi a sa miki robar ɗura abinci. Da zan taho kika ce, "Ni na ƙoshi, tsoho. Je ka ciyar da yaro, kada ka sa masa tsinke a hanci." Kin ƙoshi da me, Kikue? Da ni?

Kin tuna zuwanmu na farko garin nan, muna sababbin aure? Muka shiga ɗan gidan abincin da ke bayan tafki, aka miƙo mini takardar abinci, gumi ya keto mini don ban san ko baƙi ɗaya ba. Sai kika leƙo ta kafaɗata kina karantawa da ƙarfi, kamar mai shawara da kanta: "Kunun shinkafa da shayi... ko kuwa kifi a ganye? Kai, ni na rasa, kai ka zaɓa mana." Na zaɓa kamar wani malami, ba wanda ya gane. Haka kika yi ta yi mini har ranar da kika tura ni makarantar dare, ina kusa da sittin. Yau a gidan abincin nan aka yi bikin, ni da kaina na karanta takardar, tun daga sama har ƙasa. Wa zan yi wa alfahari?

Sai na sa a kawo miki tiren abinci guda na wanda ba ya nan, irin wanda kike ajiye mini kullum lokacin da nake aikin dam a arewa. Ke kika ce mini in an ɗaga murfin kwanon aka ga ya yi gumi, to matafiyi yana raye, zai dawo. Yarinyar da ke hidima ba ta gane ba. Ta juya tiren kamar na mamaci, ta kawo turare, ta sunkuya ta ce, "Sannu da haƙuri, Baba. Yaushe aka yi rashin?"

"Rashin wa? Tofar da yawun bakinki! Matata na nan da ranta, taurin kai ne kawai yake damun ta!"

Yaro ya tsorata ya fashe da kuka, Nobue tana ja mini hannun riga tana cewa, "Baba, don girmanka, mutane na kallo." Kafin a gyara tiren a ba ni haƙuri, shinkafar ta huce. Na ɗora hannu a kan murfin, Kikue, na kasa ɗagawa. Ni da na rataya a jikin dutse da igiya ban ji tsoro ba, murfin kwano ya gagare ni. In na tarar da shi a bushe fa?

Mai gidan abincin ta bar mini kwanon. Na ɗaure shi a ƙyalle yadda yake, wasiƙar nan a kansa. Gobe zan ajiye miki a gefen gado, don in na tsaya a gabanki bakina ba zai iya faɗin wannan ba. Ke za ki kwance, ke za ki buɗe. In kin ga gumi, ki kira a kawo miki kunu mai zafi, kada ki ƙaryata murfin. In kin gan shi a bushe, ki ci, ki ƙaryata shi. Haƙoran Itsuki suna hanya, ya furen idona, kuma ba zan iya ganin su ni kaɗai ba.

Nawa kwanon ma a rufe yake tun rana, a rufe kuma zai zauna har sai kin ɗauki cokali.

Naki tun ban san rubuta sunanki ba, naki har hannun nan ya daina motsi,

Tatsuzo