Man Shanun Egon

Litinin, 3 ga Maris
Asibiti sun turo wata yarinya, Malene, wai masaniyar abinci. Ta ɗora Egon a sikeli: kilo hamsin da huɗu. Ta ce in bai ƙara biyu ba kafin ƙarshen wata, gidan kula da tsofaffi za a kai min miji. Sai ta buɗe tukunyata, ko izini babu, ta ce, "Bodil, wannan miyar kabejin ba za ta gina masa jiki ba." A kicin ɗina!

Talata, 4 ga Maris
Shekara goma sha tara ke nan da zuciyarsa ta buga, likita ya ba ni takarda: abinci mai gina jiki shi ne ganye, dafaffen kifi, baƙin burodi gaya. Na bi ta kamar dokar coci. Yau kuma wai mai gina jiki shi ne man shanu da ƙwai da madara mai maiƙo. Na ce mata su tsayar da magana ɗaya mana. Wai ya danganta da jikin da ake ciyarwa. Ji iyayi.

Asabar, 8 ga Maris
Ban sayi man shanun ba.

Laraba, 12 ga Maris
Wandonsa ya zame a tsakiyar falo. Shi dariya ya yi. Ni na shige banɗaki na daɗe.

Alhamis, 13 ga Maris
Na shiga shagon burodin Gitte. Ta ce, "Ina mutumina? Tun da ya karye a ƙugu ban gan shi ba. In naɗe masa burodi biyun da ya saba?" Ashe kullum yawon da yake fita motsa jiki, nan yake zama ya ci burodi shafe da man shanu. Shekara goma sha tara! Da na tsare shi sai ya ce, "Haba tsohuwa, da me kike zaton nake tsaye?"
Har yamma ban kula shi ba. Munafuki.

Juma'a, 14 ga Maris
Wata biyar ke nan bai fita ba. Wata biyar girkina kaɗai yake ci. Ba na son tunanin nan.

Litinin, 31 ga Maris
Kilo hamsin da shida da ɗigo ɗaya. Yana gida, ba inda za shi. Malene ta tambayi me na canza, na ce ba komai. Ta kalli hannuna, duk maiƙo, ta rubuta wani abu.
Da safe ya ce na cika masa man shanu. Na ƙara.