Turmi Ya Tafi Kurfi

Baban Huseina, ko in ce Mista Jems na Landan,

Na ga ka kwanta, shi ya sa ban tashe ka ba.

Ɗazu kana koya wa yaron nan ɗan Caina Turanci a kwamfuta, Huseina ta yi kuka, ka leƙo ka zare mini ido kamar ba 'yarka ba. Na goya ta na tsaya cikin rana har ka gama yi wa ɗan wasu waƙa da tafi. Jiya zakara ka sa na kife da kwando. Shekaranjiya ka hana daka, wai ba a jin turmi a Landan.

To na tattara masu surutun, ni da ita da zakara da turmi, mun tafi Kurfi wurin Inna. Ranar da ka gaya wa 'yan Cainan naka a Dutsin-Ma kake, ba Landan ba, ka zo ka ɗauke mu.

Abincin rana kuma, ga gero nan a ƙwarya. Ka yi masa Turanci, wataƙila ya zama fura.

Mas'uda