Ƙafar Anti Ba Ta da Laifi

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ladabi irin wadda babban wa ya cancanta daga ƙaninsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, Ya sauƙaƙa maka nauyin aiki da kewar gida, Ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Gwiwar Umma ta lafa, har ta koma hawa bene ba tare da an riƙe ta ba. Baba na nan yadda ka bar shi, da rediyonsa da kujerarsa ta bakin ƙofa. Babbar 'yarka ta fara gyara wa mutane magana, Umma ta ce ni ta gado. Ƙaramin kuwa haƙoransa na gaba sun zube, amma dariya sai abin da ya ƙaru. Ni kuma tun da na karɓo shaidar digirina nake jiran kiran aiki, sai dai ban yarda ƙwaƙwalwata ta yi tsatsa ba, kamar yadda za ka gani.

Maƙasudin rubutun nan shi ne mas'alar motar da ka bar wa matarka, Anti. Na san Baba ya riga ni kai maka labari ta waya, na kuma san amsar da ka ba shi, cewa a yi duk abin da ya ga ya dace. Abin da ya ga ya dace kuwa shi ne daga ƙarshen wata makulli ya koma hannunsa. Ka san makarantar yara tana wannan gefen gari, asibitin da Anti ke aiki yana wancan. In babu mota, babu yadda za ta sauke su ta kuma isa aikin safe a kan lokaci, ga shi shugabar sashensu ta riga ta ja mata kunne kan makara. Wato ba makulli kaɗai za a karɓe mata ba, har da aikinta. Ita kuma saboda nauyin Baba da take ji, ba ta ja da hukuncin ba.

Ga yadda abin yake a zahiri. Da safe in ta tada motar, inji zai kama, amma sai silo, wato juyin da inji ke yi in mota na tsaye, ya faɗi, allurar da ke nuna shi ta yi ƙasa, sitiyari ya ɗauki rawa kamar mai masassara, da ta ɗage ƙafa daga totur za ta sa giya sai motar ta mutu. Haka za ta yi ta fama yara na baya suna ihun an makara. Amma in ta dawo da rana Baba ya karɓa zai je wajen abokansa, motar lafiya lau, ko tari ba ta yi. Ya kai ta garejin Dogo makanike ba sau ɗaya ba, Dogo ya saurara, ya duba fulogi, ya rantse inji kamar agogo. Daga nan Baba ya yanke cewa shi da ya tsufa a kan sitiyari mota ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba, saboda haka illar a ƙafar direba take.

Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, da farko ba tausayi ne ya ja ni ciki ba, sha'awar ilimi ce. Ta yaya ƙarfe marar rai zai tantance ƙafar suruka da ta suruki? Wannan ya saɓa wa mantiƙi. Na shiga fitowa da sassafe ina tsayawa gaban motar ina lura, har Anti ta ce in dai kallo ne gudummawar Farfesa, kamar yadda kuke kirana, gara in zagaya baya in tura. Na amsa mata cewa nazari ne ke gaba da aiki a kowace ƙa'ida. Na kuma koma ga karatu, inda na tabbatar cewa injin da ya kwana yana bukatar mai fiye da wanda ya ɗau zafi, shi ya sa lafiyayyar mota silonta ke hawa da safe, sa'an nan ya sauko a hankali. Taka akasin haka take yi. Nan take haƙiƙa ta bayyana mini: a duk gidan nan mutum ɗaya ce ke tada motar da sanyinta. Baba a zafe yake karɓarta, a zafe yake kai wa Dogo, ranar hutu kuma tana lulluɓe da tampol. Ashe duk tsawon lokacin nan ana kai marar lafiya wajen likita ne bayan zazzaɓi ya sauka.

Natija ta samu, saura hujja, kuma ka san Baba ba a fuskantarsa da hujja kai tsaye. Sai na nemi shawarar Umma, ita ce ta tsara dabarar: na roƙe shi, kafin ya karɓi makullin, ya daure ya nuna wa Anti yadda ƙwararru ke tada mota da safe. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya fito da hularsa ta fita unguwa, ya yi muƙaddima mai tsawo kan direbobin yanzu da ba su san darajar inji ba, ya zauna, ya gyara madubi, ya murɗa. Allura ta ɗan ɗaga ta faɗi, motar ta kakkaɓe jiki ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Ya danna totur har maƙwabta suka leƙo, da ya ɗage ƙafa zai sa ribas sai ta mutu a inda take. Anti ta sunkuyar da kai tana gyara wa ƙaramin jaka wadda ba ta bukatar gyara. Umma ce daga bakin ɗaki ta tambaye shi a hankali ko shi ma ƙafar tasa ce yau. Sai ya juyo ya ce mini in kira Dogo, in ce masa gobe ya zo gida kafin kowa ya taɓa makulli.

Washegari muka buɗe bonet da sanyin inji, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin darasi kamar na ranar ba. Na gabatar wa Dogo da abubuwa uku da nake tuhuma: ko bawul ɗin da ke daidaita silo ya toshe da dauɗa, ko na'urar da ke sanar da ƙwaƙwalwar mota zafin inji tana ba da labarin ƙarya, ko kuma iska na satar hanya ta wata kafa. Ya ce shi bai san sunayensu da manyan kalmomi ba, amma lissafin ya yi, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Bawul ɗin muka samu tsaf, na'urar ma ƙalau. Sai na riƙe totur don kada ta mutu, shi kuma ya bi tiyo-tiyo yana fesa musu man wanke inji. Da ya kai kan wani siririn tiyo a bayan inji, sai sauti ya canza, allura ta ɗaga. Muka cire shi, a ido lafiya, amma da na lanƙwasa sai ga tsaga a ƙasansa. Da sanyi roba takan sandare, tsagar ta buɗe, iska ta yi wa mai yawa. In ta ɗau zafi sai ta yi laushi ta haɗe bakinta. Dogo ya yi ta dariya, ya ce ashe tiyon ma ya san lokacin da yake zuwa gareji. Aka sa sabo. Tun daga ranar silo ke hawa da safe ya sauko da kansa, yadda littafi ya faɗa.

Baba bai ce a yi haƙuri ba, kai ma ba za ka zata ba. Sai dai a daren da aka gyara motar, makullin ya koma ƙusar da ke bakin ɗakin Anti, kuma da safe na iske shi yana goge gilashin gaba da tsummansa. Da za ta fita ya buɗe mata ƙofar gida da kansa, ya ce Allah Ya kiyaye hanya, direba. Ta amsa da amin, amma na ga sai da ta ɗan tsaya a bakin titi ta goge idanu kafin ta ja.

Saura kai, Yaya, kuma ka gafarta mini in na zarce matsayina. Anti ba ta kai ƙararka wajen kowa ba, amma tana tsaye a wurin lokacin da Baba ya ƙara sautin waya, ta ji ka ce a yi duk abin da ya dace ba tare da ka nemi jin ta bakinta ba. Tsohon tiyon yana nan kan teburina, na ajiye maka ka gani da idonka in ka dawo. Kada ka jira sai lokacin. Ka kira ta da safe kafin ta fita.

Umma da Baba suna sa maka albarka. Yara na tambaya yaushe za ka zo. Ka gaishe mini da Kawu da Goggo da dukan yaransu, da abokin zamanka da ya yi jinyarka bara, Allah Ya saka masa da alheri. Dogo ma ya ce a gaishe ka.

Wassalam. Ni ne ƙaninka mai biyayya,
Farfesan gidanku