Harsasan Nausherwan da Hannun Mir Zaman

Zuwa ga yayana abin alfaharina, Bakht Rawan, a Sharja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Lala yayana, bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon Allah ya sassauta maka zafin ƙasar can, ya tsare ka a kan manyan titunansu, ya maido mana kai da ƙafafunka. Mahaifiyarmu Adai tana lafiya, sai gwiwa da take kuka da ita idan sanyi ya sauko daga dutse. Man shafawar da ka aiko ta ɓoye shi a ƙasan akwati, wai ba za ta ɓarnatar da shi a kan ƙaramin ciwo ba. Matarka Gulalai da yara suna nan ƙalau, baunarku ta tatsa ta haifi mace, madara ta wadata. Masarar gonakin gangare ta yi goyo mai kyau bana, kuma da ba don aladun daji ba da mun cika rumbu. Su ne ma mafarin abin da zan faɗa maka. Zan ba ɗan gidan liman wannan takarda ya kai gidan waya da hanzari ne don ta riga bakin Nausherwan isowa wurinka, domin na ji yana ta neman mai tafiya Sharja ya ba shi saƙo.

Ka san Nausherwan, mijin ƙanwarmu Wagma, ba sai na yi maka bayaninsa ba. Har yanzu yana nan da gashin bakin nan da yake murzawa da man shanu, har yanzu yana ba maza labari a zaure yadda ya yi yaƙi a ƙetaren iyaka, alhali kowa a garin nan ya san safa da fitilar hannu ya sayar a bakin tasha a Feshawar. Da aladu suka fara sauka gonaki, sai ya zo wurin Adai ya durƙusa ya ce ta ba shi bindigar Baba, wadda kakanmu ya dawo da ita daga aikin sojan Ingila. Adai ta ce masa harsasanta sun ƙare tun Baba yana da rai. Sai ya yi dariya ya ce, “Adai, ai wannan ba matsala ba ce, na zauna da maƙeran bindiga na Darra, ni da hannuna zan cika mata harsashi wanda ya fi na Bature.” Zaman nasa a Darra, Lala, rakiyar wani ya yi, suka sha shayi a wani shago suka dawo. Ya kuma ce kai ka ba shi izini tun zuwanka na bara. Wannan maganar ce ta sa Adai ta buɗe akwati. Ina so ka faɗa mini ko gaskiya ne, ko da yake na riga na san amsar.

Daga ranar gidan Wagma ya zama maƙera. Ya bi gidajen tsofaffi yana roƙon tsofaffin kwanson harsashi, waɗansu sun yi kore don daɗewa a ƙasa. Ya ɗauke mata turmin daka yaji, da rariyar gari, da cokalin shayi, da ƙaramar tukunyar da take dafa wa yaro madara, a ciki yake narka darma. Ya shimfiɗa darduma a tsakar gida ya jera kayan nan, ya sa gilashin ido da ba nasa ba, kuma duk wanda ya shigo sai ya ɗaga masa hannu ya ce a yi shiru, ana aikin da ke son nutsuwa. Na je na same shi a haka, garin taba cike da leɓe, kasko da garwashi a gefensa, albarushi a buɗe a faranti, ɗansu yana rarrafe a tsakani. Na ɗauke yaron na ce masa ko mahaukaci ba ya ajiye wuta kusa da wannan abu. Sai ya dube ni ta saman gilashi ya ce, “Zarlashta, ki tsaya a kan zare da allura, wannan sha'anin maza ne.” Wagma tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba.

Gwajin farko a bakin rafi aka yi shi, bayan sallar Juma'a, maza sun taru kamar ana biki. Mijina Mir Zaman ya rufe shagon ɗinkinsa ya je, shi ya ba ni labari. Aka jingina tsohuwar garwa a jikin dutse. Nausherwan ya ce kafaɗarsa tana ciwo tun raunin yaƙi, don haka ya miƙa wa wani makiyayi bindigar. Harsashin farko ya ce ƙyas, shiru. Na biyu ya yi tusa, ka yafe mini kalmar, harsashin ya faɗi a gaban kaji. Mutane suka fashe da dariya, wani tsoho ya ce a ba shi ya jefa da hannu, zai fi nisa. Mai shagon shayi ya ce aladun za su mutu, amma da dariya. Mai hankali da nan ya tsaya, ya nemi wanda ya san aikin ya tambaya, ko ya haƙura. Shi kuwa sai ya koma gida fuska a murtuke ya ce wa Wagma sun raina shi, za su ga ƙarfi. Ita ta faɗa mini daga baya cewa duk wani harsashi da ya samu, na ƙaramar bindiga da na harbin tsuntsu, sai da ya farke shi ya juye garin wuri guda, ya dinga ɗura wa kwanson nan har baki yana dannawa da ƙusa. Da ta ce masa tana jin tsoro, sai ya ce tsoro gadon gidanmu ne. Gidan Baba ke nan, Lala, wanda bindigarsa ke rataye a ɗakin shi Nausherwan a lokacin.

Aka sa ranar korar aladu. Da safe matasa suka hau tudu da garewani suna bugawa don su koro su zuwa kwazazzabon da ke ƙasan gonarmu, inda mai bindiga zai tsaya. Kafaɗar yaƙi ta sake tashi. Sai Nausherwan ya dafa Mir Zaman a gaban mutane ya ce duk kwarin nan babu mai ido irin na tela, mutumin da ke zura zare a allura ba tare da ya ƙifta ba, shi ya dace da bindigar surukinsa. Ka san Mir Zaman, mutum ne mai sanyi, tunda yake ba a taɓa yaba masa a taron maza ba. Ya shigo gida ɗaukar hula yana murmushi kamar an ba shi sarauta. Na riƙe masa riga na ce, “Wanda ya cika harsasan me ya hana shi harbawa? Ka tambaye shi mana.” Ya ce in sake shi, mutane suna jira, kada in ba shi kunya. Ba zan ɓoye maka ba, shi ma ina jin haushinsa har yau, babban mutum mai 'ya'ya a sayo shi da yabo guda.

Ni da Gulalai muna kan soro muna hango su. Muka ga aladu sun fito daga masara, uwa da 'ya'yanta. Muka ga Mir Zaman ya durƙusa ya saita. Ƙarar da na ji ba ta bindiga ba ce, na sha jin bindigar Baba tun ina ƙarama. Hayaƙi ya tashi daga wajen fuskarsa maimakon bakin bindigar, ya faɗi ta baya. Aladun suka wuce abinsu, ko gashin ɗaya bai taɓu ba. Na sauko ban san inda gyalena ya faɗi ba. Da na isa, ƙarfen wajen sakata ya dare, ƙotar ta tsage, hannunsa na hagu jini kawai, fuskarsa baƙi ƙirin. Matasan suka yage rawani suka ɗaure masa. Jarumin namu fa? Tun kafin a harba ya koma bayan wani ƙaton dutse, wai daga nan ya fi ganin hanyar aladu. Ka lura, Lala, tun kafin a harba. Da ya fito, bai nufi wurin wanda ke kwance ba. Ƙasa ya dinga dubawa yana neman kwanson, wai yana so ya ga abin da ya faru. Na ce masa abin da ya faru ga shi nan yana zubar da jini a gabanka. Ya ce in yi haƙuri, mata ba sa gane irin wannan.

A asibitin Timargara suka ceto idanunsa, mun gode Allah, amma babban yatsa da manuni sun tafi, kunnen hagu kuma har yanzu ƙara yake yi masa. Da wannan hannun yake riƙe yadi yana tura shi ƙarƙashin allura. Babbar sallah ta matso, ɗinkin mutane jibge a shago. An kawo mini keken ɗinkin har gida, ni nake takawa, shi yana zaune a gefe yana nuna mini inda zan yanka. Jiya ya ɗauki wuyan riga zai gyara, yadin ya zame masa, ya sake ɗauka ya sake zamewa, sai ya ajiye ya fita bayan gida. Na bar shi, ban bi shi ba.

Nausherwan ya zo dubiya da lemo a leda. Ya zauna a bakin gado, ya ɓare ɗaya ya shanye, sannan ya fara bayani. Wai laifin bindigar ne, ƙarfen Bature ya tsufa, harsashinsa ya fi ƙarfinta. Da alfahari ya faɗi haka, wallahi. Wai kuma Mir Zaman bai riƙe ta daidai ba. Daga nan ya ce yanzu ya gano inda gyaran yake, abin da ya rage kawai kai ka aiko masa da ƙaramin ma'auni irin na masu sayar da zinariya daga Sharja, kuma akwai wata tsohuwar bindiga a gidan kawunsa da za a gwada. Mir Zaman ya juya fuska bango. Ni kuwa na ɗauki sauran lemon na sa masa a cinya na buɗe masa ƙofa. Saƙon da yake neman mai kawo maka ke nan. Idan ka aiko masa da ko da cokali ne, ni da kai za mu yi magana.

Dattawa suka ce dole ya zo ban haƙuri gidan Adai, tunda ita ce babba kuma bindigar daga hannunta ta fita. Ya zo da su da wata ramammiyar akuya da ko kuka ba ta iya yi. Kafin ranar, Adai ta sa an raka ta wurin maƙerin garinmu da ragowar bindigar a cikin buhu, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Da aka zauna, liman ya yi addu'a, Nausherwan ya fara jawabi a kan ƙaddara, sai Adai ta fito da sandarta. Ba ta tsaya bayan ƙofa ba, tsakiyarsu ta shigo. Ta ajiye wani guntun bututun ƙarfe a gabansa, an yanke shi an goge bakinsa. Gaban bindigar Baba ne, inda bai fashe ba. Ta ce, “Ɗana, ga abin da ya rage, na sa an yi maka abin hura wuta. Na ga Allah ya hore maka iska. Ka je ka hura wa 'yata murhu, ko ta samu wani amfani a jikinka.” Babu wanda ya yi dariya a lokacin, don girman liman. Sai da suka fita ƙofar gida muka ji ta ɓarke. Adai ta ce a mayar masa da akuyarsa, kada ta mutu a gidanmu a ce mu muka kashe ta.

Na san ranka zai ɓaci a kan bindigar, kai ne mai gadonta. Adai ta ce in gaya maka ita ta ba da ita, ita ta yanka ta, idan kana da magana ka zo ka yi da ita. Wagma ta kwashe sauran garin nan ta zuba a rafi da rana tsaka mijinta yana kallo. Ita ce abin tausayi, Lala, kunya ta hana ta zuwa gidana, ko da yake na aika mata cewa ba ta yi mini komai ba. Idan za ka rubuto, ka sa mata layi nata daban, ka kwantar mata da hankali. Ka rubuta wa Mir Zaman ma, amma kada ka yabe shi, ka dai tambayi hannun.

Adai tana sa maka albarka. Gulalai da yara suna gaishe ka, haka Mir Zaman, haka Wagma. Ka gaishe mana da Kawu Sher Afzal idan kun haɗu a masallaci, da ɗan baffanmu Zarin Gul da duk mutanen kwarinmu da ke can. Nausherwan ma ya tare ɗan gidan liman a hanya ya ce lallai a sa gaisuwarsa a takarda. To, ga ta nan na sa.

Wassalam, ni ce ƙanwarka,
Zarlashta