Dutsen Akori-Kurar Baba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ba zan yi kwana-kwana ba: zan ba da akori-kurar Baba, in yi ciko in karɓi sabuwa mai shan dizal.

Ranar Litinin ta mace mini a tsakiyar hawan gada, da kiret ɗari biyu na ƙwai a bayanta. Kin san birkin hannunta ya rasu tun kafin in yi wayo. Kafin in diro in sa mata dutsen nan a taya, ta sulale baya ta daki shinge. Yaya, ban taɓa ganin wainar ƙwai mai faɗin titi ba sai ranar. Mai gonar kajin ya ce in wata ya ƙare ban canja mota ba, zai ba wani jigilar. Da aikin nan nake riƙe gidan.

Ki taya ni gaya wa Baba, ya fi jin maganarki.

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, sai dai takardarka ta ɓata mini rai. Wato ka yanke, ni kuma in zo in share maka hanya? Ba da ni ba. Motar da ta kai mu makaranta, ta kai Mama asibiti ranar da za ta haife ka, ita za ka miƙa wa dillali kamar tsohuwar katifa?

Kuma kada ka ɗora mata laifi, kai ne ba ka da zafin nama. Shekara tara ina zaune a bayanta rungume da dutsen nan. Baba yana cewa "dutse!" nake dirowa, ko sau ɗaya ba ta taɓa ja da baya ba. Ka je ka gaya masa da bakinka, in ka isa.

Ka gaida kowa.
Yayarka

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Na isa, na kuwa gaya masa. Sai ya ce, "Kai sai yanzu ka ji? Shekara biyu ke nan injin nan yana neman hutu." Ya ce in ɗauko masa sanda da sukundireba.

Da muka je wurin dillalin, ko kallon fenti bai yi ba. Ya sa aka tayar da motoci uku, kowacce ya ɗora bakin sukundireba a kan injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ido a rufe. Ta farko ya ce, "Wannan tana ɓoye ciwo." Dillalin ya fara share gumi. Ta uku ya daɗe a kanta, sannan ya ce, "Ita ce."

Da za mu bar tsohuwar, na ɗauka zai yi hawaye. Ni ne na yi. Shi kuwa ya leƙa baya ya ce in ɗauko dutsen. Na ce, "Baba, sabuwar nan birkinta garau yake." Ya ce, "Na sani. Ba na motar ba ne, na yayarka ne. Tana shekara goma sha ɗaya ta tsinto shi, kuma ban taɓa ce mata sannu ba."

Gobe zan fara lodi da sabuwar. In aiko miki da dutsen?

Ƙaninki,
Auta

Auta,

Sallama. Na karanta wa maigidan takardarka, ban iya kai ƙarshe ba.

Kada ka aiko da shi, ka sa shi a bayan sabuwar. Ina zuwa ranar Asabar, ka zo tasha da Baba. Kuma ka goge kujera da kyau, don wannan karon a gaba zan zauna.

Allah ya tsare hanya.
Yayarka