Homar da Aka Ɓoye a Bungudu

Gusau

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya kai da Inna. Tunda har yanzu babu sabis, na ba direban Tsafe wannan takarda.

Baba, ni na ɗauke homarka, kada a zargi kowa. Tafkin gindin dutse ba wurin zuwanka ba ne bana, duwatsun nan santsi gare su. In kamun kifi kake marmari, ga gulbin Bungudu, ga madatsar ruwan Gusau, ka zaɓa in kai ka a mashin. Ga gidan sauro nan na aiko, damina ta kusa.

Ɗanka,
Yazid

Tsafe

Yazid,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ɓarawon da ya shigo mana, kuma ni na haife shi.

Marmari ka ce? Ni mai ciki ce? Ka sani tun kakanni, in ruwan farko ya gangaro daga dutse, gidanmu ke fara tsoma homa kafin kowa ya shiga su, kamun kifin gari. Shekarar da ba mu tsoma ba, sarautar ruwa ta bar gidan nan ke nan, kuma Sule na gidan gabas tuni ya wanke goransa yana jira. Kifin gulbinku mai warin sabulu, ku ci abinku. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da homa ko babu, ranar su ina bakin ruwa.

Allah ya shirye ka.

Mahaifinka,
Mamman Sarkin Ruwa

Bungudu

Yaya Yazid,

Salama da gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Homar tana ƙarƙashin gadona yadda ka bar ta.

Na je Tsafe, kuma abin ya wuce yadda kake zato. Baba ba ya gani sai dishi-dishi, da na shiga ma da sunan Inna ya kira ni. Takardar da ya aiko maka, maƙwabci ne ya rubuta. Gidan sauronka kuwa ya yanka shi, ya lanƙwasa reshen geza, ya ɗinke da lalube, wai ga homa. Na yi kuka, na roƙe shi, ya ce in koma ɗakin mijina.

An yi ruwa a kan dutse, an sa Asabar za a yi su. Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Ummulkhairi

Tsafe

Ummulkhairi,

Gaisuwa. Na iso na tarar da gari kaf a bakin tafki. Baba na gaba, ya naɗe wando, yana laluben dutse da ƙafa. Na riƙe shi, ya fizge. Da na ga zai taka santsin nan, na ƙwace homar gidan sauron na faɗa ruwa da takalmina. Sai na ji ganga, jama'a suka biyo ni.

Baba ya juya inda yake jin muryar Sule.

"Sule, gidan wa yat tsoma?"

"Gidanka, Sarki."

"To, sai ka bi baya."

Ni kuwa abin da ya ce min kawai, baɗi in cire takalmi. Har yanzu haushinsa nake ji. Ki ba direba homar ya kawo.

Ki huta lafiya.

Yayanki,
Yazid